Yaro Ɗaya, Takardun Suna Biyu

Kesennuma,
Lahadi, 16 ga Oktoba, 1983.

Zuwa ga Yayana Shiohei,

Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da duk mutanen jirginku. A ofishin kamfani sun ce mana za ku tsaya a Callao ta ƙasar Peru a tsakiyar watan gobe don shan mai da sauke kifi, shi ya sa nake sauri in kai musu ita gobe kafin in wuce makaranta, don ta riga ku isa. Kullum da safe Mama tana kunna turare a gaban allunan magabata, tana roƙa maka teku mai kwanciya da hannu marar rauni, ni ma ina durƙusawa a bayanta ina roƙon abin da take roƙo. Ina fatan ciwon bayan nan da ka tafi da shi ya sake ka, kuma kana sa rigar ulun da matarka Anti Tokie ta saƙa maka, ko da abokan aikinka za su yi maka dariya.

Mu nan gida kowa lafiya, sai gajiya. Lokacin kifin sanma ya kama, don haka Mama tana fita wurin gyaran kifi tun da sassafe, ba ta dawowa sai rana ta faɗi, hannuwanta duk sun tsage. Ƙafar Kaka tana nan yadda ka bar ta, yana janta zuwa bakin tashar jirage ya zauna da tsofaffin abokansa suna kushe jiragen zamani. Hannunsa na dama kuwa rawarsa ta ƙaru, yanzu ko kofin shayi sai da hannu biyu. Ni kuma an yi mana jarrabawar tsakiyar zango a makon jiya, ban yi abin kirki a lissafi ba, kuma idan ka karanta abin da ke ƙasa za ka gane dalili. Ban faɗa don in kare kaina ba.

Tangarahon da aka buga maka ya ce namiji ne kuma uwa da ɗa suna lafiya. Gaskiya ne, har yau suna lafiya. An haife shi ranar Asabar, ashirin da huɗu ga Satumba, yana da gashi baƙi ƙirin da kunnuwa irin naka, kuma idan yana tsotso yana ɗaure fuska kamar an ba shi aikin da ya fi ƙarfinsa. Daga asibiti Anti Tokie ta wuce gidan iyayenta a kan dutse don wankan jego, kamar yadda kuka shirya. Abin da tangaraho bai faɗa maka ba shi ne maganar suna, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Mama ta ce in rubuta maka sunan kawai in yi shiru, kada in ɗaga maka hankali a tsakiyar ruwa. Na yi kwana uku ina tunani, na ga ba zan iya ba, domin akwai laifina a ciki, akwai kuma naka.

Ka san Kaka ba ya ji a waya, kuma ya ce ko yana ji, sunan mutum ba cinikin kifi ba ne da za a yi shi ta waya. Mama kuma ta ce ita suruka ce a gidan nan, shekara talatin ba ta taɓa sa baki a sunan namiji ba, ba yanzu za ta fara ba. Sai aikin ya faɗo kaina. Kullum idan an tashi daga makaranta in hau bas ɗin ƙarfe huɗu zuwa kan dutse, tafiyar minti arba'in, in kai saƙon Kaka, in karɓo na Anti Tokie, in dawo a bas na ƙarshe da yamma. A ranar farko Kaka ya ce in gaya mata sunan yaro Ushio. Ya ce harafin gidanmu ne, na cikar teku da janyewarsa, wanda ke cikin Shiozo nasa da Shioji na marigayi Baba da Shiohei naka, sai dai wannan karon zai tsaya shi kaɗai ba tare da wani harafi ya raka shi ba, don yaron shi ne na fari a sabon layi. Ya ce tun ranar da ka gaya masa akwai ciki ya zaɓe shi, har ya kai wa limamin wurin ibada ya ƙirga masa zanen harafin tare da sunan gida, aka ce ya faɗa a kan sa'a.

Anti Tokie tana kwance da yaron a gefenta lokacin da na faɗa mata. Ba ta yi fushi ba. Ta gyara masa bargo, ta ce suna ne mai kyau, amma ba za ta sa wa ɗanta shi ba, kuma ba za ta koma gidan bakin teku da yaro mai sunan teku ba. Ta faɗe shi a hankali, irin yadda take cewa miya ta yi gishiri. Sannan ta ciro wani ɗan littafi daga ƙarƙashin matashi, ashe tun tana wata biyar take rubuta sunaye a ciki. Yaya, ni ban iya komawa in gaya wa Kaka haka ba. Da ya tambaye ni, sai na ce ta ce suna ne mai kyau, tana dai son a duba wasu kafin a tsayar. Rabin maganar gaskiya ce, na bar ɗaya rabin a cikin bas.

Haka muka yi kwana huɗu. Na kawo masa Itsuki, wato itace tsayayye, ya ce gidanmu ba masu sassaƙa ba ne. Na kawo Iwao, babban dutse, ya yi dariya har da tari, ya ce in tambayi 'yar manoman nan ko ta taɓa jefa dutse a ruwa ta ga abin da yake yi. Na kawo Takane, ƙololuwar tsauni, ya ce to a sa masa Akuya mana a huta. Shi ma da ya ga ana ta kawo masa, sai ya fara aikawa da nasa, wai don kada a ce ya ƙi sassauci. Ya ba da Wataru, mai ƙetarawa, Anti ta ce ƙetarawa zuwa ina. Ya ba da Isana, tsohon sunan da magabata suke kiran babban kifin teku da shi, mahaifinta Baba Matsuji ya ce yaron da bai kai nauyin kabewa ba za a ɗora wa wannan, a tausaya masa. Ya ba da Hayate, iska mai sauri, ta ce ita iska mai sauri ba ta taɓa kawo mata labari mai daɗi ba. Duk waɗannan maganganu ni kaɗai na ji su yadda aka faɗe su. Kafin in isa ɗaya gidan na wanke su tas, na mayar da akuya ta zama wai Kaka yana ganin sunan ya yi tsawo, na mayar da ƙin Anti ya zama wai tana tunani. Na ɗauka ina kashe wuta ne.

A rana ta shida da haihuwa Anti ta nuna mini shafin ƙarshe na littafinta, inda ta zagaye suna ɗaya da jan biro. Kaname. Ban taɓa sanin wani mai wannan suna ba sai wani tsohon malami a makarantarmu ta firamare. Ta aiki mahaifiyarta ta ɗauko mafici irin mai naɗewa, ta buɗe shi, ta nuna mini 'yar ƙusar nan da ke gindinsa, wadda duk haƙarƙarin maficin suke haɗuwa a kanta. Ta ce wannan ita ce kaname. Kowane haƙarƙari yana tafiya nasa gefen, ita tana nan inda take, kuma idan ta fita mafici ya watse. Ta ce abin da take so ɗanta ya zama ke nan, ta roƙe ni in gaya wa Kaka da bakina yadda ta nuna mini, har ta ba ni maficin in tafi da shi. Na sa shi a jaka. Da na iso gida na tarar Kaka ya sa Mama ta jiƙa wake don jar shinkafar biki, ya aika an ajiye masa babban jan kifi a kasuwa, yana ta raha, yana cewa gobe tattaɓa-kunnensa zai zama mutum. Ya tambaye ni me 'yar dutse ta ce. Na ce ta ce a gaishe shi. Ya ce to madalla, shiru ma amsa ce.

Ranar bakwai, wato ranar suna, ta faɗo Juma'a. Da safe kafin in tafi makaranta Kaka ya sa na wanke hannu, na niƙa tawada a kan dutsensa, wanda bai taɓa bari na taɓa ba sai ranar. Ka san shi ya rubuta takardar sunan Baba da taka da tawa, kuma shi ya koya mini riƙe alƙalamin gashi tun ina shekara shida. Ya gwada ɗaukar alƙalamin, tawada ta ɗiga a tabarma, sai ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba, ya ce yau hannuna nasa ne. Na rubuta Ushio a kan farar takarda, da ranar haihuwa, da sunanka da na Anti, da sunan Kaka a matsayin wanda ya raɗa. Ya sa na rubuta guda biyu. Ɗaya Mama ta hau kujera ta liƙa a ƙarƙashin kantar ibada, ɗayar ya naɗe da kansa ya ce in kai kan dutse bayan makaranta tare da akushin jar shinkafa, tunda ƙafarsa ba za ta kai shi ba ranar.

Da na isa can na tarar gida cike da dangin Anti, an shimfiɗa abinci, Baba Matsuji ya baro girbin shinkafa ya sa rigarsa ta biki. Ya riga ya niƙa tawada ya shimfiɗa takarda, yana jirana. Da ya ga akushin jar shinkafar sai ya ce a gaban kowa, kun gani, tsohon masunci ya sauko, har da abin biki ya aiko. Anti ta dube ni, idonta ya cika, ta ce Fumino na gode, na san ba ƙaramin aiki kika yi ba. Yaya, takardar Kaka tana cikin jakata a jikin ƙafata. Mutum goma sha biyu suna kallona. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne tambayar ina zan wanke hannu. Na durƙusa na rubuta Kaname, na sa sunanka a matsayin wanda ya raɗa don ban san na wa zan sa ba, aka liƙa ta a ƙarƙashin kantarsu, aka tafa, aka ba ni kan kifi don girmamawa. Ban san yadda na haɗiye shi ba. Washegari Mama ta buga waya ta yi wa mahaifiyar Anti godiya, ta ce suna ya yi kyau, ita ma ta ce ƙwarai ya yi kyau, suka yi ta gode wa juna, babu wadda ta ambaci sunan. Ina tsaye a bakin ƙofa ina jin su.

Ranar Lahadi Kaka ya tashi ya ce ƙafa ko ba ƙafa yau sai ya ga Ushio. Maƙwabcinmu mai sayar da ƙanƙara ya ɗauke mu a motarsa, ni da shi, Mama tana wurin aiki. Duk tsawon hanya yana ba ni labarin ranar da aka raɗa maka suna, yadda ka yi masa fitsari a cinya. Sau uku na ce Kaka, ya ce na'am, in ce ko yana jin sanyi. Da muka shiga aka gaisa, ya ɗaga kai don ya yi gaisuwa ga kantar gidan kamar yadda baƙo yake yi, sai ya ga takardar. Ya daɗe yana kallonta. Baba Matsuji yana ta zuba godiya, yana cewa ba kowane dattijo ne zai bar harafin gidansa saboda suruka ba. Kaka bai tambayi wa ya rubuta ba, ai ya san hannun. Ya juyo ya ce mini ina wadda ya ba ni. Na ciro ta daga jaka, duk ta lanƙwashe a tsakanin littattafai, na shimfiɗa ta a tabarma, na sa goshina a ƙasa na faɗi duk abin da na yi tun daga ranar farko. Ban yi kuka ba sai da Anti ta ce, ashe maficin ma bai isa ba.

A nan ne naka laifin ya fito. Kaka ya ce shi bai ga abin jayayya ba, domin kafin jirginku ya tashi ka zauna a gabansa ka ce idan namiji ne suna nasa ne, yadda aka saba. Anti ta ce a ranar da ta raka ka tashar jirage ka riƙe hannunta ka ce ta sa duk sunan da ranta yake so, kai za ka yi wa Kaka bayani. Baba Matsuji ne ya fara magana, ya ce lallai surukinsa gwanin kamun kifi ne, ya jefa ƙugiya biyu ya gudu bayan duniya ya bar yarinya da jan igiya. Babu wanda ya yi dariya sai shi. Ni dai na ji wani abu ya ɗan sauka daga kafaɗata, sannan na ji kunyar jin hakan.

Kaka ya ce to ko ma me ka faɗa, gida ya girmi alkawarin miji da mata. Ya ce ƙusar mafici, wato yaron zai tashi ya zauna a inuwa yana yi wa mata fifita ke nan. Ya ce mutum shida a jere sun ɗauki harafin nan, da shi aka san mu a tashar jirage, yaron da ba shi da shi mutane za su tambaya ɗan wane ne. Ka san Anti ba ta taɓa mayar masa da magana ba tun da ta shigo gidanmu. Ranar ta zauna sosai, yaron yana kafaɗarta, ta ce Kaka ya yi mata haƙuri, ita ce take goge allunan magabata kowace safiya shekara biyu, ta kuma je maƙabarta da Mama. Ta ce alluna huɗu ne masu harafin, amma biyu ne kawai akwai tokar gawarsu a ƙarƙashin dutsen kabarinsu, sauran biyun, har da Baba, teku bai dawo da ko takalmi ba. Kaka ya ce suna ba ya nutsar da mutum, ga shi nan da harafin shekara saba'in da takwas, ruwa ya tofar da shi sau biyu. Ta ce ta sani, ita ma ta yi makaranta. Ta ce abin da ba za ta iya ba shi ne ta tsaya a ƙofar gidanmu kowace yamma, fuskarta tana kallon ruwa, tana ƙwala kiran Ushio ya zo ya ci abinci. Ta ce shekara shida ke nan da rasuwar Baba, ita dai tun zuwanta ba ta taɓa jin Mama ta furta sunansa ba, ko a gaban allonsa sai dai ta ce kai.

Kaka ya nemi sandarsa, ya yi sallama da Baba Matsuji yadda ya kamata, ya gode da shayi, ya fita. Bai ɗauki yaron ba, ko fuskarsa bai leƙa ba. A mota, da muka hango tashar jirage, ya ce da na gaya masa tun ranar farko da ya yi faɗa ya gama, yanzu kuwa na sa ya je gidan surukai ya sha kunya da rigar biki. Wannan ita ce maganar da ya yi mini ta ƙarshe har kwana uku. Ka san doka ta ba da kwana goma sha huɗu a kai suna ofishin hukumar gari, kuma hatimin gidanmu, wanda sai an buga shi ake karɓar takardar, yana cikin aljihun teburin Kaka. Baba Matsuji ya ce ai ana sayar da hatimi mai sunan gidanmu Oikawa a kowane kantin littattafai, a sayo a buga a wuce wurin. Anti ta ce a'a, ba za ta shigar da ɗanta rajistar gidan ta bayan tsoho ba, ko ya ba da hatimi da hannunsa ko ta zauna inda take har ka dawo, kwanaki su wuce, ta je ta ba hukuma haƙuri. Na ci gaba da hawa bas, amma yanzu ba ni da saƙon kowa, sai wankin yaro da nake taya su. Mama ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ranar Alhamis, rana ta goma sha uku, Kaka ya kira ni da safe na riga na sa takalmi. Ya ce in cire, in wanke hannu, in niƙa tawada. Ya ce wancan abin da na liƙa a gidan mutane ƙafarsa ta hagu ta fi ta dama tsawo, idan har sunan zai shiga rajistar gidansa to ba zai shiga yana ɗingishi ba. Ya sa na rubuta Kaname sau goma sha ɗaya, yana buga sanda a tabarma duk inda na yi sauri, har na makara darasi biyu. Ya zaɓi na tara. Da na zo wurin sunan wanda ya raɗa, na tsaya ina jira, na ɗauka zai ce in sa nasa. Ya ce shi bai raɗa ba, kai ma ba ka raɗa ba, in rubuta Tokie. Na ce Kaka ba a saba sa sunan uwa a nan ba. Ya ce abubuwa da yawa ba a saba ba a wannan makon. Sannan ya sa ni na hau kujera na cire Ushio na liƙa sabuwar, ya jawo aljihun tebur ya ajiye hatimi a gabana, ya juya ya kunna rediyo. Da yamma na kai wa Anti takardar hukuma ta cika ta buga hatimin, washegari Mama ta nemi izinin rabin yini ta kai ofis. Don haka sunan ɗanka Oikawa Kaname, an rubuta, ba mai canzawa.

Anti ta ce za ta dawo gida ranar ashirin da huɗu ga wannan wata, bayan an kai yaro wurin ibada na kwana talatin da ɗaya, kuma ta roƙi Mama ta zama mai ɗaukarsa ranar. Mun share ɗakinku, mun shanya katifu. Amma kada ka ɗauka komai ya daidaita. Kaka bai furta sunan ba ko sau ɗaya, sai dai ya ce ɗan dutsen nan, ya daina zuwa tashar jirage wurin abokansa, kuma ya rage cin abinci. Jiya ina goge ɗaki na ga yana naɗe takardar Ushio a cikin ƙyalle yana sa ta a aljihun da hatimi yake. Ya ga na gani, ya ce takarda ba ta ruɓewa, wannan na bar musu, ɗa na biyu kuwa sunansa nawa ne, Shiohei ya san da haka. Ban sani ba ko ka san da haka ɗin, ko kuwa wani alkawarin ne ka yi a wani ɗakin. Wannan maganar ban kai ta kan dutse ba. Ba zan kai ta ba, ba kuma zan wanke ta ba, kuma idan Anti ta tambaye ni kai tsaye zan faɗa mata yadda aka faɗe ta, ko da hakan zai sa ta kwance kayanta ta fasa dawowa.

Saboda haka ga roƙona, kuma ka yafe mini idan na wuce matsayina na ƙanwa. Idan kun sauka a Callao, kafin ka je ko'ina, ka zauna ka rubuta takarda biyu, ɗaya ga Kaka ɗaya ga Anti. Ka gaya wa kowannensu abin da ka faɗa wa ɗayan, ka ba su haƙuri, ka kuma faɗi ra'ayinka a kan na biyun tun babu shi. Ko me ka zaɓa ni ba ruwana, amma abin da ke cikin takardar farko ya zama shi ne a cikin ta biyu, domin zan karanta wa Kaka tasa da ƙarfi a gaban Anti, idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu yanzu. A ta Kaka ka rubuta sunan yaron da manyan baƙi yadda zai gani da kansa. Ina ganin daga hannunka ne kawai zai karɓe shi.

Mama tana gaishe ka, ta ce ka rage shan taba, ta kuma sa busasshen ganyen teku da 'ya'yan itacen plam masu tsami a cikin ƙunshin da kamfani zai kai muku. Anti Tokie tana gaishe ka, ta ce tata takardar tana tafe daban, ga hoton yaro na sa a cikin wannan, wanda aka ɗauka yana da kwana goma sha takwas. Baba Matsuji da matarsa Inna Kikue suna gaisuwa, sun ce an ajiye maka sabuwar shinkafa. Kaka na tambaye shi ko yana da saƙo, ya ce ka kula da igiya lokacin ja, kada ka tsaya a cikin lanƙwasarta. Ka gaishe mini da Kawu Tatsuzo a ɗakin girkinku, ka ce masa matarsa ta warke daga murar, da kuma Yaya Norihisa, mahaifiyarsa tana tambayar ko ya sami safar da ta aika.

Zan tsaya nan, akwai gyaran lissafin da malam ya ce in kawo gobe, ban taɓa shi ba.

Ƙanwarka mai jiran takardunka biyu,
Fumino